Lambar Man Fetur da Lissafin Mallakar Motar Alfarma: Darasi Daga Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Mayanci ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas ta isa Gummi, ko wadda ta karkata zuwa Bukkuyum, ya san irin motocin da suka fi yawa a kanta: motocin haya ɗauke da fasinja, da manyan motoci maƙare da buhunan gero da dawa da shinkafa, da babura ba adadi. Amma jefi-jefi, musamman lokacin salla ko bikin aure ko naɗin sarauta, akan ga doguwar mota mai sheƙi, Marsandi ko Lexus ko BMW, ta wuce a hankali mutane suna bin ta da kallo. Da yawa daga cikin matasan da ke kallon nan suna raya wa zuciyarsu cewa wata rana su ma za su mallaki irinta.

Burin ba laifi ba ne. Sai dai akwai tambayoyi biyu da ya wajaba mai irin wannan buri ya iya amsawa kafin ya fitar da ko kwabo. Ta farko: wane irin mai injin wannan mota yake buƙata, kuma ana samunsa a inda za a yi amfani da ita? Ta biyu: ta wace hanya za a mallake ta, kuɗi hannu, ko biya kaɗan-kaɗan, ko haya? Amsar tambaya ta farko tana cikin ilimin sinadarai da na ƙarfin zafi, amsar ta biyu kuwa tana cikin lissafin da ake koyarwa a ajin sakandare. Kuskure a ɗayansu yana iya cinye jarin da iyali suka yi shekaru suna tarawa.

Yadda inji yake ƙona mai

Injin fetur na mota yana aiki ne bisa tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. A bugu na farko fistin yana sauka cikin silinda ya zuƙo iska gauraye da tururin fetur. A na biyu yana hawa ya matse wannan gauraye cikin ɗan ƙaramin wuri. A na uku fulogi yana ba da tartsatsi, wuta ta kama, iskar ta faɗaɗa ta tura fistin ƙasa da ƙarfi, kuma wannan turawar ce take juya ƙafafun mota. A na huɗu fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa.

Sirrin ƙarfin inji yana cikin bugu na biyu. Idan aka ce matsin inji 10 ne bisa 1, ana nufin iskar da ta cika silinda an matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon aikin da za a samu daga kowane ɗigon mai. Amma iska idan aka matse ta zafi take yi. Ɗalibi zai iya tabbatar da haka da famfon keke: ya toshe bakinsa da yatsa, ya danna sau da yawa, sannan ya taɓa ƙarshen famfon, zai ji ya ɗau ɗumi. A cikin silinda wannan zafi yakan kai ɗaruruwan digiri tun kafin fulogi ya ba da wuta.

A nan matsala take tasowa. Abin da ake so shi ne wutar ta tashi daga fulogi ta bazu cikin tsari har ta cinye man duka. Amma idan zafi da matsi suka fi ƙarfin man, sauran gaurayen da wutar ba ta kai gare shi ba tukuna sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Fashewar tana dukan kan fistin da bangon silinda, direba ya riƙa jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu ko idan mota ta ɗauki kaya. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji. Ta bambanta da abin da makanikai ke nufi idan suka ce inji ya buga, wanda galibi rashin baƙin mai ko tsananin zafi ke jawowa. Sai dai ƙwanƙwasa mai tsanani, idan ta daɗe, tana iya fasa zoben fistin ko ta huda fistin ɗin kansa, ƙarshenta dai a sauke inji.

Ma'anar lambar okten

Ma'aunin juriyar fetur ga irin wannan fashewa shi ake kira lambar okten. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Graham Edgar, shi ya shimfiɗa tushen ma'aunin a wajejen 1926. An zaɓi ruwa biyu daga dangin sinadaran da ke cikin fetur. Na farko, aiso-okten, yana da juriya ƙwarai, aka ba shi lamba 100. Na biyu, hepten, ba ya jure matsi ko kaɗan, aka ba shi sifiri. Idan aka gwada wani fetur a injin gwaji aka ga yana ƙwanƙwasa daidai da gaurayen da ke da kashi 91 na aiso-okten da kashi 9 na hepten, to lambarsa 91 ke nan.

Daga wannan bayani za a fahimci wani muhimmin abu da mutane da yawa suke kuskure a kansa. Lambar okten ba ma'aunin ƙarfin mai ba ce, ba kuma ma'aunin tsabtarsa ba ce. Juriya kawai take aunawa. Sinadarin itanol, alal misali, lambarsa ta haura 100, amma ƙarfin da ke cikin litarsa bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na litar fetur ba. Saboda haka injin da aka ƙera don mai lamba 91 ba zai ƙara gudu ko ya rage shan mai a zo a gani ba don an zuba masa mai lamba 98. A shekarar 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun ɓarnatar da fiye da dala biliyan 2 cikin shekara guda wajen sayen mai mai tsada don motocin da ba su buƙatarsa.

Akasin haka kuma gaskiya ne. Yawancin motocin alfarma, musamman na Jamus, injinansu suna da matsi mai yawa, ko kuma suna da na'urar turbo da ke cusa ƙarin iska cikin silinda, don haka masu ƙera su suke neman a zuba musu mai lamba 95. Idan aka ba su wanda bai kai haka ba, akwai wata 'yar na'ura a jikin injin da ke jin girgizar ƙwanƙwasa ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi. Injin ya tsira, amma ƙarfinsa ya ragu, shan mai ya ƙaru. Kuma wannan kariya tana da iyaka. Iska mai zafi tana ƙara saurin ƙwanƙwasa, ga shi kuwa a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a yammacin Zamfara yakan haura digiri 40.

Lamba biyu, mai ɗaya

Galibin motocin alfarma da ke shigowa arewacin Nijeriya na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, kuma asalinsu daga Turai ne ko Amurka. Waɗannan wurare biyu ba su rubuta lambar okten iri ɗaya. Turai da Nijeriya suna amfani da ma'aunin RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa RON da wani ma'auni mafi tsanani, MON, su raba biyu, don haka lambarsu takan gaza ta Turai da kamar 4 zuwa 5. Watau 87 na Amurka ya yi daidai da kusan 91 na RON, 91 na Amurka kuma ya yi daidai da kusan 95.

Wannan ɗan bambanci yana ruɗin masu saye. Mutum zai buɗe murfin tankin Marsandin da ta fito daga Amurka ya ga an rubuta 91, ya ji kuma an ce man Nijeriya 91 ne, sai hankalinsa ya kwanta, alhali motar 95 take nema a ma'aunin nan gida. Toyota Camry da Avalon na Amurka, waɗanda aka ƙera don 87, su ne man nan ya yi wa daidai. Saboda haka kafin a yi ciniki, a duba rubutun da ke cikin murfin tanki da littafin motar, a tabbatar da ƙasar da ta fito, a kuma lura ko an ce lambar wajibi ce ko shawara ce kawai.

Dalma: maganin da ya zama cuta

A watan Disamba na 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa. Daga 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma, kuma shekaru da dama motocin duniya suna fesa ƙurar dalma a tituna ta salansa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da shi zuwa farkon 2006, ƙasa ta ƙarshe a duniya kuwa, Aljeriya, ta daina a 2021.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba su buƙatar a yi musu dogon bayani kan illar dalma. A shekarar 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sakamakon ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Waccan dalma daga dutse ta fito, ba daga fetur ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ita ta fi cutuwa da ita. Darasin a nan shi ne, ba kowane abin da ke gyara inji ne yake da alheri ga mutum ba. A yau matatun mai suna ɗaga lambar okten ta hanyar sauya ginin ƙwayoyin man da kuma gauraya shi da sinadarai marasa dalma.

Man da ake samu a yankin

A Turai direba yakan tarar da famfo biyu ko uku na fetur ya zaɓa. A gidajen man Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar yadda yake a mafi yawan Nijeriya, fetur iri ɗaya ne, lambarsa tana wajen 91. Ashe zaɓin mai a nan ba a bakin famfo ake yin sa ba, tun ranar sayen mota ake yi: a zaɓi injin da ya dace da man da ke akwai.

Abu na biyu shi ne ingancin man. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, motoci suka lalace a Legas da Abuja, janye shi kuma ya haifar da dogayen layuka a faɗin ƙasa. Idan hakan ya faru da man da ya biyo ta tashar jiragen ruwa, ina ga wanda ya kwana a jarka a bakin hanya? Man 'yan bumburutu yana iya ɗaukar ƙura da ruwa, kuma idan aka gauraya fetur da kananzir lambarsa faɗuwa take yi warwas. Tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, takan haƙura da irin wannan mai, makaniken gari ya wanke kaburata ta ci gaba da tafiya. Injin zamani kuwa yana fesa mai ta ramukan da suka yi kusa da siririn gashi, ƙura kaɗan ta isa ta toshe su, gyaran kuma sai an kai motar Gusau ko Sakkwato ko Kano inda ake da na'urar binciken ƙwaƙwalwar mota. Ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan ƙara lambar okten, mafi yawansa ɗan abin da yake ƙarawa bai isa ya mai da 91 ya zama 95 ba.

Sai kuma tsada. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. A ɗauka, don sauƙin lissafi, lita naira 1,000 ce, kuma mutum yana tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 1,600, watau naira miliyan 1.6. Wadda ke shan lita 12 za ta sha lita 2,400, watau miliyan 2.4. Bambancin naira 800,000 ne kowace shekara. Masu iya magana sun ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hanyoyi uku na mallaka

Hanya ta farko ita ce kuɗi hannu. Ta biyu ita ce a ba da wani abu a gaba, sauran a biya wata-wata tare da ƙari, kamar yadda matasa da yawa suke karɓar babur ko keke mai ƙafa uku suna kawo balas har su gama. A ƙarƙashin dokar irin wannan ciniki ta 1965, abin yana nan a matsayin na mai shi har a biya kuɗin ƙarshe, amma idan mai karɓa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta ya sayar ba tare da zuwa kotu ba. Hanya ta uku ita ce haya ta dogon lokaci, inda ake biyan kuɗin amfani kawai, a mayar da motar idan wa'adi ya cika. A Nijeriya an yi dokar hayar kayan aiki a 2015, kuma kamfanoni da manyan ma'aikatu ne suka fi cin moriyar tsarin.

Ga wanda ke gudun riba, bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019, suna da tsarin murabaha, inda banki zai sayi mota ya sayar wa mutum da sananniyar riba a kan farashin da ba ya canjawa, da kuma tsarin ijara, inda banki zai ba da ita haya, a wasu yarjejeniyoyin ta zama ta mutum a ƙarshe. Halaccin ciniki bai ɗauke wa mai saye nauyin yin lissafi ba.

Misali don aji

A ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi a Gummi yana da jarin naira miliyan 30, ga kuma mota mai wannan farashi, wadda bayan shekara 3 darajarta za ta koma miliyan 21. Duk alƙaluman nan na misali ne.

Idan ya saya kuɗi hannu, asararsa a shekara 3 ita ce miliyan 30 a debe 21, watau miliyan 9.

Idan ya ba da miliyan 12 a gaba, saura miliyan 18, aka ce masa ƙarin kashi 15 ne cikin ɗari a shekara kan dukan kuɗin, to ƙarin zai zama miliyan 2.7 sau 3, watau miliyan 8.1. Zai riƙa biyan naira 725,000 har wata 36. Jimlar abin da ya fitar miliyan 38.1, a debe 21, saura miliyan 17.1. A lura da wani tarko: bashin yana raguwa kowane wata, amma ƙarin ana lissafa shi ne kamar miliyan 18 ɗin suna nan cif. Idan aka auna da ainihin abin da ake bin sa, ƙarin ya kai kusan kashi 26 cikin ɗari a shekara, ba 15 ba.

Idan ya ɗauki haya a kan naira 500,000 a wata, zai biya miliyan 18 a wata 36. Idan yarjejeniyar ta ƙayyade kilomita 15,000 a shekara, da tarar naira 100 kan kowane kilomita da ya ƙaru, shi kuma yana yin 20,000, to tarar shekara 3 miliyan 1.5 ce. Jimla miliyan 19.5, watau miliyan 6.5 a shekara, kuma motar ba tasa ba ce.

A kallon farko kuɗi hannu ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma mai haya jarinsa yana nan yana juyawa a kasuwa. Idan jarin yana kawo ribar kashi 10 a shekara, yana cire miliyan 6.5 a ƙarshen kowace shekara, zai rage da miliyan 26.5, sannan 22.65, sannan kusan 18.4. Wannan bai kai miliyan 21 na mai mota ba, don haka saye ya fi. Idan kuwa ribar kashi 20 ce, zai rage da 29.5, sannan 28.9, sannan kusan 28.2, haya ta yi nasara. Hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen kashi 13. Ashe babu amsa ɗaya da ta dace da kowa; amsar tana rataye ne ga abin da kuɗin zai iya samarwa idan ba a binne shi cikin mota ba.

Tarkon faɗuwar naira

Wani zai ce ai mota a Nijeriya ba ta faɗuwa, domin ya san wanda ya saya miliyan 10 ya sayar miliyan 16. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a kasuwar 'yan canji, a cikin 2024 kuma ta kai 1,500. Miliyan 10 a farashin farko dala 13,333 ne, miliyan 16 a na biyu kuwa dala 10,667. Lambar ta hau, daraja ta sauka. Manomi zai fi gane haka idan ya tambayi kansa buhun gero nawa kuɗin yake saye da, nawa kuma yake saye yanzu. Wannan faɗuwa tana sauƙaƙa wa mai biyan ƙayyadadden kuɗi wata-wata, amma tana tsananta tsadar kayan gyara, waɗanda daga waje ake shigo da su.

Kammalawa

Kafin a sa hannu kan takarda, a nemi jimlar kuɗin da za a biya daga farko har ƙarshe a rubuce, a san wanda gyara da inshora suke wuyansa, da hukuncin makara wajen biya, da sunan da ke kan takardun motar. A kuma tuna cewa doguwar mota mai ƙasa-ƙasa an ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗen titi, ba don ramuka da laka da mashigar ruwa ta damina a bakin gulbin Zamfara ba. Cinikin biri a sama shi ne a sayi mota don sheƙinta ba a san man da take sha ba, ba a kuma san ƙarshen bashinta ba.

Tambayoyi

1. Fetur ya yi daidai da gaurayen da ke da kashi 5 na hepten, sauran aiso-okten. Mece ce lambarsa?
2. An rubuta 91 a murfin tankin motar da ta fito daga Amurka. Shin man da ake sayarwa a Anka ya cika sharaɗinta? A kawo dalili.
3. A sake lissafin mai haya idan ribar jarinsa kashi 15 ce. Wace hanya ta fi masa?
4. A tambayi mai babur a unguwa farashin babur kuɗi hannu, da balas ɗin da ake biya da tsawon lokacin biyan, ba tare da rubuta sunansa ba. A fitar da ƙarin da ke kai cikin ɗari.